MASAUKIN FATAKE A BAKIN GANDUN GASHAKA

'Yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, yau za mu ajiye maganar mudu da tiya mu yi ta masauki. Da yawa cikinku suna bin hanyar nan da ta tashi daga Jalingo, ta bi ta Bali, ta ratsa Serti, ta kai Mayo Selbe, sa'an nan ta hau dutsen Mambila zuwa Maisamari da Nguroje da Gembu. Masu hawa suna kai gishiri da sukari da sabulu da atamfa. Masu saukowa kuwa suna ɗauko shanu, da ganyen shayin Kakara, da dankalin Turawa, da ayaba da fiya, da katakon itacen turare. Babbar mota mai kaya ba ta cika gama wannan tafiya a yini guda ba, dole a kwana a hanya. To, a wane gari za a kwana, kuma a gidan wa?

Abin da ya raba wannan hanya da sauran hanyoyin fatauci shi ne gandun dajin da ke gefenta, watau Gandun Ƙasa na Gashaka-Gumti. A shekarar 1991 Gwamnatin Tarayya ta haɗa tsofaffin gandaye biyu, na Gashaka da na Gumti, ta mai da su guda. Shi ne mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kudancinsa a Jihar Taraba, arewacinsa a Jihar Adamawa, gabas kuma ya jingina da iyakar Kamaru. Babban ofishinsa yana Serti. A cikinsa akwai ɓauna da dorina da damisa da manyan birai masu kama da mutum, kuma a wajen kudancinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda babu kamarsa a ƙasar nan.

Saboda wannan gandu, baƙi iri biyu ne suke sauka a garuruwan bakinsa. Akwai mai zuwa kallo, shi abin da yake nema gado mai tsabta da ruwan wanka da wanda zai kai shi ya ga dorina. Akwai kuma ɗan kasuwa. Shi ɗan kasuwa kwanansa kaɗan ne cikin abin da yake saye da kuɗin masauki. Abin da ya fi ɗaki muhimmanci a wurinsa shi ne inda kayansa za su kwana, da sunan mutumin da za a ce a gidansa ya sauka. A garin da ke bakin gandu kuwa, wannan suna yana iya fitar da mutum, yana kuma iya kai shi gaban alƙali.

Ga dalili. Dokar gandayen ƙasa ta 1999 ta hana farauta da saran itace da kiwo da haƙar ma'adini da sa wuta a cikin gandu ba tare da izini ba, kuma ma'aikatan gandu suna da ikon kama mutum da kayansa. Ban da ita akwai dokar 1985 da ta hana cinikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka ƙara nauyin tara. Kada wani ya ce doka ce ta takarda kawai. A watan Oktoba na 2023 gwamnati ta ƙona wajen tan 4 na ɓawon ɗankunya a Abuja, a watan Janairu na 2024 kuma ta niƙe tan 2 da rabi na hauren giwa. Duk kayan nan dukiyar wasu ce da suka zuba jari, ta tafi a banza.

Amma abin da ya fi shafar wannan hanya shi ne madobiya, itacen nan da 'yan katako suka laƙaba wa suna madrid. Duk wanda ya bi ta Bali da Serti wajen shekarun 2014 zuwa 2017 ya ga gumagumansa jibge a bakin titi, tireloli suna ɗiba zuwa Ikko, daga can a sa a jirgin ruwa sai ƙasar Sin. Kuɗi sun shigo, samari sun bar gona sun kama injin yanka, da itacen ya ƙare a dajin waje sai masu sara suka fara kutsawa cikin gandu, har aka yi ta arangama da ma'aikata, aka yi asarar rayuka. A farkon 2017 madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Tun 2017 ɗin nan wata ƙungiya mai suna Africa Nature Investors ta shiga aikin kula da gandun tare da hukumar gwamnati, aka ƙara ma'aikata da sintiri. Wanda ya san hanyar a zamanin da ake wucewa da komai, ya sani yanzu ba haka take ba.

To, ina ruwan mai buhunan dankali da wannan? Ruwansa shi ne sito. Ka sauka gidan mutumin da ba ka sani ba domin ɗakinsa ya fi araha, ka jibge kayanka a sitonsa, ashe a bayan buhunan akwai banda ta naman daji ko fatar damisa ko 'yan katakan madobiya da ake jiran dare a loda. In aka zo bincike, ba a tsayawa tantance buhun wane da na wane, duk abin da ke ɗakin shaida ne. Ko da daga baya gaskiyarka ta fito, ayaba da fiya ba sa jiran shari'a, kwana uku sun isa su zama na zubarwa. Haka kuma mota. Mai masaukin da ya ce maka, "Alhaji, ga ɗan ƙunshi a taimaka a sauke mini a Jalingo," in ba ka ga cikinsa da idonka ba, ka ba shi haƙuri. Shingaye suna da yawa a hanyar, ga soja, ga 'yan sanda, ga kwastan tun da iyaka na kusa, kuma a shinge wanda ke cikin mota ake tambaya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Saboda haka mu a ganinmu tsohon tsarin fatoma har yanzu ya fi wa ɗan kasuwa amfani a waɗannan garuruwa, muddin fatoman na kirki ne. Fatoma yana saukar da kai, ya ciyar da kai, ya ajiye kaya, ya haɗa ka da mai saye, ya tsaya maka in an ɗauki kaya bashi, ladansa kuma ya fito daga la'ada. Mutum ne da cinikinsa ya dogara ga sunansa, ba zai so a ce an kama haramtaccen kaya a gidansa ba. Mai ɗakin haya kuwa da ka biya kuɗin dare, tsakaninku ya ƙare. Ba mu ce otal ba shi da rana ba. Wanda ya zo da jaka kawai, ya zo karɓar kuɗi ko duba farashi, ya kama ɗaki a gidan baƙi mai rasit da littafin rubuta suna, ya fi masa sauƙi da sirri. Amma mai lodi ya nemi mai gida.

Yadda ake gane na kirki ba boyayye ba ne. Baƙo ko da ido makaho ne, sai ya tambaya. A fara da shugabannin tasha da na 'yan kasuwar irin kayan da aka ɗauko, in shanu ne a tambayi manyan kara. A tambayi mutum biyu ko uku waɗanda ba tare suke zaune ba, in bakinsu ya zo ɗaya a kan gida guda, to, an samu. A guji ɗan kamashon da ya tare ka tun ba ka sauko daga mota ba yana jan jakarka, domin shi rabonsa yake nema a wurin wanda zai kai ka. In an isa gidan, kafin a sauke ko buhu ɗaya a ce a buɗe sito a gani. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, shi da kansa zai ɗauko makulli. A duba ko rufin yana yoyo, domin ruwan wannan yanki ba irin na Kano ko Katsina ba ne, damina tana da tsawo, sukari da gishiri kuwa ba sa shiri da laima. A duba tsakar gida, in ka ga injin yanka katako da tarkuna da baburan da ke fita bayan isha'i suna dawowa da asuba, ka sha ruwa ka yi godiya ka ƙara gaba. A ƙirga kaya gaban shaida, a rubuta, a kuma yanke maganar la'ada da kuɗin ajiya tun kafin a kwanta.

Sai maganar gari. Bali babban gari ne, mahaɗar hanyoyi, akwai makanikai da masu faci da abinci. Wanda ya taso daga Jalingo da rana ta yi, ko motarsa tana ba shi shakka, gara ya kwana nan ya gyara, domin gaba gari yana nisa da gari.

Serti ita ce muka fi yaba wa mai kaya masu tsada. Nan ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gashaka, nan fadar Lamɗo Gashaka take, ga barikin soja, ga ofishin gandu. In rigima ta taso a kan kaya, duk wanda za a gani yana cikin gari, ba sai an yi tafiya ba. Wanda kuma zai sayi zuma ko katako ko wani abin da ya fito daga daji, yana iya zuwa ofishin gandu ko na malaman daji ya tambayi abin da ya halatta da takardar da ake bukata tun kuɗinsa suna aljihu. Aibin Serti zafi da sauro, gari ne na ƙasa-ƙasa, a tafi da gidan sauro. A kuma koyi gaisuwa da Fulatanci ko kaɗan ce, Hausa tana ci a kasuwa, amma gaisuwar tana buɗe ƙofa.

Mayo Selbe kuwa a gindin dutse take, masaukin direbobi ce. Daga nan hanya take fara nannaɗewa tana hawa, kwana bayan kwana, gefe guda dutse gefe guda rami, har a kai saman da ya haura mita 1,500. Direban da ya san aikinsa ba ya hawa ko saukowa da lodi cikin dare ko cikin hazo. In magariba ta same ku a nan, ku kwana, mota ta huce, a duba birki, a hau da safe. Kada mai kaya ya matsa wa direba don yana son ya riski kasuwar gobe. Sai dai masaukin nan na talaka ne, galibi yaron mota a kan kaya yake kwana, kuma hakan ya fi. Wanda ya riga ya hau sama, a Nguroje ko Gembu, abin da zai tambaya kafin kuɗin ɗaki shi ne bargo da ruwan zafi. Mutumin Sakkwato da ya je da 'yar shara zai ba da labari.

Masu shanu, naku ya fi na kowa wuya. Saman Mambila ya tara shanu ne domin sanyi da ciyawa da rashin tsando, amma dazuzzukan ƙasa akwai shi. Saniyar da aka sauko da ita aka bar ta kwanaki a bakin kurmi tana iya ɗaukar sammore, ta rame kafin ta ga kara. Ga kuma gandu, ciyawa kore shar tana kiran makiyayi, alhali taku kaɗan ne tsakanin halal da kamu. Akwai wasu ƙauyuka a cikin gandun da aka yarda mazaunansu su zauna da dabbobinsu, amma wannan izini nasu ne, bai shafi baƙon da ke wucewa da garken sayarwa ba. Saboda haka fatoman mai shanu dole ya zama yana da shinge da ruwa da harawa, kuma yaransa sun san inda iyakar gandu take. In aka kama garke a ciki, tara da kwanakin tsarewa za su cinye ribar tafiyar, wani lokaci har da uwar kuɗi.

Ta wajen Adamawa ma haka abin yake. Masu zuwa sayen doya a Ganye, in sun zarce Toungo, sun isa ƙofar arewa ta gandun, sai su yi irin wannan lura.

Wanda ciniki ya yi masa kyau har ya yi sha'awar ya shiga ya ba idonsa abinci, ko ya kawo iyali, to, ya bar kayansa a Serti wurin fatoma, ya je ofishin gandu ya yanki takarda. Hukumar tana da nata ɗakunan baƙi, kuma ba a shiga sai da ma'aikacin da zai yi jagora. A ƙauyen Gashaka akwai kufan ganuwar da Jamusawa suka gina, a kogin Kam kuma ake ganin dorina. Lokacin zuwa shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da rafuka suka janye ciyawa ta kwanta. Da damina hanyoyin ciki sukan yanke, mota mai ƙaramar ƙafa ba ta shiga ko da rani. Lokacin hutun ƙarshen shekara ɗakuna sukan yi wuya, a aika a kama tun da wuri, a kuma riƙe kuɗi a hannu, domin waya ba ko'ina take kamawa ba balle a ce za a tura ta banki.