Tarin Fuka Marar Tari: Tibin Ciki a Aikin Ƙabar Yara da Matsalar Sunansa a Hausa

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana wani yanayi da likitocin tiyata kan ci karo da shi jifa-jifa, tare da nuna inda sunan da Hausa ta bai wa cutar ya gaza.

Ƙabar matsematsi ga yaro takan samo asali ne daga wata 'yar kafa da ba ta rufe ba bayan saukar 'ya'yan maraina. Idan ƙwayar tibi, wadda Robert Koch ya gano a 1882, ta kama tantanin da ya lulluɓe hanji, sai ruwa ya taru a ciki, ya matsa ta wannan kafa, kumburi ya bayyana. Iyaye su ga ƙaba, a shiga da yaro tiyata. Sai an buɗe jakar ƙabar sannan likita ya tarar da ƙananan ƙuraje farare, kamar an watsa gero. A nan yakan yanki ɗan tantanin a kai ɗakin bincike. In ta tabbata tibi ce, gyaran ƙaba kaɗai bai wadatar ba. Yawanci yaro zai sha magani na wata 6: iri huɗu a wata 2 na farko, iri biyu a sauran wata 4.

Ƙwayar kan isa ciki ta hanyar jini daga huhu, ko ta haɗiye majina, ko kuwa ta shan madarar saniya mai cutar ba tare da an tafasa ba.

Abin da ya shafi manazarta harshe shi ne kalmar "tarin fuka". Sassanta biyu duk ƙirji suke nuni, alhali wannan yaro sau da yawa ba ya tari. Alamominsa su ne rama, zazzaɓin dare da kumburin ciki. Uwar da aka ce wa ɗanta na da tarin fuka tana da hujjar yin shakka, kuma mai shakka kan ajiye magani da zarar ɗinki ya warke, wanda hakan ke bai wa ƙwayar damar bijire wa magani. "Tarin fuka na ciki" kuwa tufka da warwara ce, balle ma "ciki" na iya nufin tumbi ko kishiyar waje. A ganina, ararriyar kalmar "tibi", da yake ba ta ɗaure cutar ga wata gaɓa ba, ta fi karɓar ɗafi: tibin huhu, tibin ƙashi, tibin hanji.