Sarkin gamsheƙa, macijin da ke gina sheƙa

A dazuzzukan Indiya da Tailan har zuwa tsibiran Filipin akwai wani maciji da ake kira sarkin gamsheƙa. Cikin macizai masu dafi babu wanda ya kai shi tsawo, domin yana iya wuce mita 5. Abincinsa kuwa ƴan'uwansa macizai ne, har da masu dafi.

Abin al'ajabi yana ga tamatar. Idan lokacin ƙwai ya zo, takan naɗo busassun ganyaye da jikinta, ta tara su tsibi guda, ta saka ƙwai 20 zuwa 40 a ciki, sannan ta kwanta bisa tana gadi makonni da dama. Cikin macizan duniya ita kaɗai ke wannan gini.

An daɗe ana ɗaukar sarkin gamsheƙa iri ɗaya, sai a 2024 bincike ya raba shi iri huɗu. Batun ya wuce na suna, saboda dafi kan bambanta daga yanki zuwa yanki. Allurar maganin sara da ake yi a Indiya don wasu macizai huɗu dabam aka haɗa ta. Ta wannan macijin a Bankok ake yin ta, nesa ƙwarai da manomin da ya sara a kudancin Indiya.