Farantin Ƙarfen da Ake Harba Don Gwada Saiti

In ka kai wa mai walda a Fagge ko Sabon Gari hoton farantin ƙarfen da Turawa ke ratayewa suna harbi don gwada saiti, zai ce maka aikin minti goma ne: a yanko falle, a liƙa masa ƙafa, shi ke nan. Hannunsa zai iya, babu shakka. Amma abin da ake nema daga wannan faranti ya wuce a ce ya tsaya a tsaye. Aikinsa shi ne ya farfasa harsashi, ya zubar da ɓaraguzan a ƙasa, kada ko ɗaya ya koma kan wanda ya harba.

Bari mu fara da harsashin. Ɗaya daga cikin waɗanda ake yin wannan atisaye da su shi ne ɗan ƙaramin nan mai lamba .22. Sinadarin da ke kunna albarushinsa yana cikin leɓen gindin kwanso, allurar bindiga ta daki leɓen, wuta ta tashi. Tunda dole leɓen ya yi sirantar da zai lotse, kwanson ba ya jure albarushi mai yawa, shi ya sa harsashin ya zauna ƙarami. Kansa dalma ce, nauyinta kamar giram 2.6, tana fita da gudun kusan mita 330 a daƙiƙa guda. Da shi ake gasar tseren ƙanƙara da harbi ta Olamfik, inda ake auna farantai biyar daga nisan mita 50. A Meziko kuwa, inda a da ake gasa da harbin dabbobi masu rai, an koma harbin siffofinsu na ƙarfe, kaza da alade da talotalo da rago, kuma an yi gasar irin wannan a babban birnin ƙasar tun 1948.

Dalma tana da taushi. In ta daki ƙarfe mai tauri da santsi, sai ta baje kamar curin laka da aka maka wa bango, ta watsu gefe da gefe. Matsala tana farawa ne ranar da fuskar farantin ta sami rami ko lotsa. Ramin nan ya zama ɗan kasko, duk abin da ya faɗa ciki yana iya juyowa ta inda ya fito. Saboda haka langalanga da guntun ƙofar mota da ƙarfen bola mai tsatsa duk ba sa cikin lissafi. Baƙin ƙarfen da ake sayarwa a Ƙofar Ruwa don ƙofofi da tagogi, a ma'aunin tauri na Brinell yana tsakanin 120 da 160. In ya yi kauri zai jure ɗan ƙaramin harsashi na wani lokaci, amma a hankali yake tara tabo. Wanda masu sana'ar ke amfani da shi, AR500, taurinsa ya kai wajen 500, dangin wanda ake shimfiɗa wa bokitin katafila da bayan tifa ne. Ga wannan ɗan ƙaramin harsashi, kaurin milimita 6 ya isa.

A nan ne nake ganin maƙerin gargajiya ya fi wasu masu walda fahimtar zancen. Wanda ya taɓa ƙera gatari ya san cewa ana gasa shi ya yi ja a tsoma a ruwa ya yi tauri, kuma in aka sake mayar da shi wuta ya huce a hankali, taurin ya tafi. Haka wannan faranti yake. Ka yanke shi da wutar gas, gefensa ya yi laushi. Ka yi masa walda a baya, wurin ya yi laushi, ga shi kuma waldar kan tsage saboda girgizar duka. Don haka ake huda shi a ɗaure da ƙusa mai noti, mai kai zagayayye, ko a rataye shi da sarƙa.

Ratayar ma da dalilinta. Farantin da ke lilo yana ja da baya in an dake shi, ya shanye wani ɓangare na ƙarfin. Ana kuma karkato samansa gaba kaɗan, kamar digiri 15 zuwa 20, don ɓaraguzai su nufi ƙasa, ƙasar kuma ta zama yashi, ba daɓe ko tsakuwa ba. Mai harbi ya ja da baya sosai, ya sa tabarau mai kare ido, bayan farantin kuma a tara tudun ƙasa, domin harsashin da ya kuskure yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi.

Wannan nisa kaɗai ya fitar da Fagge da Sabon Gari daga zancen, inda katangar wani ita ce bangon ɗakin wani. Ga kuma dalmar da ke zuba a ƙasa, wadda ba mu manta da yadda gubarta ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ba. Dokar makamai ta 1959 ma ba ta yarda kowa ya riƙe irin wannan bindiga ba sai da lasisi.

Malam mai walda, in wani ya kawo maka wannan aiki, ka tambaye shi lasisinsa da filin da za a kafa farantin kafin ka kunna inji. In ya kasa amsa ɗaya daga ciki, mayar masa da kuɗinsa.