Labari ne ko talla? Yadda na'ura ke tantance rubutu, da inda Hausar Garwa ke ba ta wahala

Saƙo biyu sun shigo wayar mutum a Garwa, duka a kan ciwon kwalara. Ɗaya sanarwa ce daga hukumomin lafiya, ɗayan kuma na mai sayar da magani ne da ya tsara tallarsa kamar labari. Batun iri ɗaya ne, amma nau'in rubutun daban. Wannan bambancin ne masana ke koya wa kwamfuta ta gane da kanta.

Da farko mutane ne ke karanta dubban rubuce-rubuce, su sanya wa kowanne alama: wannan labari ne, wannan talla, wannan doka, wannan ra'ayi. Daga nan na'ura ta koyi alamomin kowane nau'i, kamar yawan "ku saya" a talla, ko "ya ce" a labari. Manhajar XLM-R da kamfanin Facebook ya fitar a 2019 ta san harsuna 100, ciki har da Hausa da Faransanci, don haka abin da ta koya a wani harshe tana iya gwada shi a wani. Masana a Cibiyar Jožef Stefan ta ƙasar Sloveniya sun ɗora X-GENRE a kanta, suka horar da ita da Turanci da harshen ƙasarsu, kuma ana amfani da ita a wasu harsunan.

A Afirka, ƙungiyar Masakhane ta fitar da MasakhaNEWS a 2023 cikin harsuna 16. Akwai Hausa, babu Fulatanci. Kuma batu take rarrabewa, wato siyasa, wasanni, lafiya da sauransu. Saƙonnin nan biyu na kwalara duk za ta zuba su a kwando ɗaya.

Sai kuma matsalar da ta fi shafar mu. Hausar da na'urorin suka saba da ita ta gidajen rediyo ce, mai daidaitaccen rubutu. Wanda ya yi boko da Faransanci a Garwa, Marwa ko Ngaundare kuwa yakan rubuta "tchikin" a maimakon "cikin", "kou" a maimakon "ku", ya surka da Fulatanci a jimla guda. Na'ura na iya ɗaukar wannan a matsayin gurɓataccen Faransanci ta jefar, tun kafin a zo maganar nau'i.

Gyaran bai buƙatar kayan aiki masu tsada. Ɗaliban harshe a jami'o'in Ngaundare, Marwa da sabuwar ta Garwa za su iya tattara irin rubutun da ake yi a nan, da izinin masu shi, su sanya masa alama yadda yake, ba tare da sun mayar da shi Hausar Kano ba.