Dandali a Ƙasar Babura: Asalinsa da Wasanninsa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana asalin dandali da wasanninsa a ƙasar Babura, wadda ke iyaka da Jamhuriyar Nijar, take kuma cikin Jihar Jigawa tun 1991.

Asali

A Ingila hukuma ce take keɓe fili, ta dasa itatuwa, ta kewaye shi domin shaƙatawar jama'a, kamar lambun Birkenhead da aka buɗe a 1847. Dandalin Bahaushe kuwa ba shi da shinge, ba shi da takardar mallaka. Fili ne mai yashi a tsakiyar gari ko unguwa, galibi kusa da ƙofar mai gari, inda ɗurumi ko ceɗiya ke ba da inuwa. Yawan taruwa a wurin shi ne ya mai da shi na kowa.

Ita kalmar ta yi kama da "dandal" ta Barebari, wato faffaɗan filin da ke gaban fadar Shehu a Kukawa da Maiduguri. Ke nan akwai alamar daga Barno aka aro ta, sa'an nan ma'anarta ta karkata daga filin sarauta zuwa fagen wasa.

Wasanni

Dandali ya fi cika da kaka, musamman a daren farin wata, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi. 'Yammata sukan yi gaɗa da tafi da waƙa, zabiya tana bayarwa saura suna amshi. Yara maza sukan yi langa, samari kuma su yi kokawa, makaɗa suna zuga su. Da rana dattawa ke zama a inuwa suna dara. Sarkin samari shi ke tsawatarwa, ya raba gardama, ya kuma tara matasa in za a yi aikin gayya. Saboda haka a nan yaro ke koyon karin magana da juriya da bin na gaba.

Kammalawa

Rashin shingen da ya sa dandali ya zama na kowa shi ne kuma rauninsa, domin idan gari ya bunƙasa aka shiga yanka filaye, wurin da ba shi da takarda ake fara cinyewa. Ya kamata ƙananan hukumomi da hakimai su auna dandalin kowace unguwa, su sa shi cikin taswirar gari, domin wasan gaɗa da langa ba sa rayuwa sai da fili.