Madubai Uku da Gilasai Uku: Yadda Aka Tsara Idon Na'urar Rubin

A kan dutsen Cerro Pachón da ke arewacin ƙasar Chile, wanda tsayinsa ya kusa mita 2,700, an kafa cibiyar nazarin taurari ta Vera C. Rubin, wadda ta fitar da hotunanta na farko ranar 23 ga Yunin 2025, kuma aikin da aka ɗora mata shi ne ta riƙa ɗaukar hoton sararin samaniyar kudu gaba ɗaya duk bayan 'yan kwanaki har tsawon shekara goma. Abin da kafafen yaɗa labarai suka fi yayatawa shi ne kyamararta mai ɗigon hoto miliyan 3,200, alhali yawan ɗigo ba ya amfanar da komai idan hasken da ya sauka a kansu ya riga ya watse a hanya. Gwanintar da ta fi cancantar a duba tana cikin madubai da gilasan da ke tattaro hasken.

Na'urar da aka ƙera don binciken sarari baki ɗaya tana neman abu biyu da ba su cika haɗuwa ba, wato faɗin baki, domin ta kama hasken abubuwa masu dushewa, da faɗin gani, domin ta ɗauki yanki babba a hoto guda. Madubi mai zurfi a tsakiya yana iya tara hasken tauraro ɗaya a ɗigo ɗaya matuƙar tauraron yana daidai saitinsa, amma da zarar an matsa gefe sai hoton ya yi wutsiya, ko ya miƙe ta wani ɓangare, sannan wurin da hotunan ke haɗuwa yakan lanƙwashe maimakon ya shimfiɗu. Ruwan tabarau kuwa, wato gilashin da haske ke ratsawa ya karkata, yana da nasa aibin: yana karkatar da shuɗin haske fiye da ja, ga shi ba a iya tallafa masa sai ta gefensa, don haka idan ya yi girma sai nauyinsa ya lotsa shi. Wannan ne ya sa na'urar Yerkes ta Amurka, wadda aka kammala a 1897 da gilashi mai faɗin santimita 102, ta zama kusan iyakar masu dogaro da ruwan tabarau zalla. A 1930 Bernhard Schmidt ya fito da dabarar sanya siririn gilashi a bakin na'ura domin ya gyara hasken kafin ya isa madubi, sai dai tilas gilashin ya rufe bakin duka, abin da ya hana irin wannan na'ura wuce mita ɗaya da 'yan kai.

Mafitar da aka bi a Rubin ta samo asali daga aikin Maurice Paul na Faransa a 1935, wanda James Baker da Roderick Willstrop suka faɗaɗa daga baya, kafin Roger Angel na Jami'ar Arizona da abokan aikinsa su gabatar da ita a ƙarshen shekarun 1990 don na'ura mai wannan girma. Ana amfani da madubai uku ne, kowanne yana warware kuskuren da ɗan'uwansa ya jawo: na farko mai faɗin mita 8.4 ya tara haske ya aika sama, na biyu mai ƙusumbi, wanda ya kai kimanin mita 3.4, ya mayar da shi ƙasa, na uku mai mita 5 ya sake tura shi sama zuwa kyamara. Masu tsarawa sun gano cewa ana iya daidaita lissafin har bakin madubi na uku ya haɗu da cikin na farko, saboda haka aka zuba su a dunƙulen gilashi guda cikin tanda mai juyawa a Arizona a 2008, aka gama gogewa a 2015. An yi asara kam, domin madubi na farko ya koma zobe, hasken da yake tarawa bai wuce na cikakken madubi mai kimanin mita 6.5 ba, amma na'urar ta fito gajeriya mai ƙarfi, tana juyawa daga wani yanki na sama zuwa na kusa da shi ta tsaya cak cikin daƙiƙa biyar, kuma kowane hoto yana da faɗin digiri 3.5, wato kamar cikakken wata bakwai a jere.

Tunda madubai sun ɗauke nauyin tara haske, ana iya tambayar dalilin ƙara ruwan tabarau har uku, ciki da wanda faɗinsa ya kai mita 1.57, mafi girma a irinsa da aka taɓa gogewa da wannan inganci. Amsar ita ce lalura ta tilasta gilashi ya shiga hanyar hasken. Allunan lantarki 189 da ke karɓar hoton suna aiki ne a sanyin da ya kai kusan digiri 100 ƙasa da sifili, cikin akwatin da aka zuƙe iskarsa, kuma akwatin yana buƙatar taga. Wannan tagar ita ce gilashi na uku, mai faɗin kimanin santimita 70, wanda iskar waje ke dannawa da nauyin tan uku ko fiye, don haka dole a yi shi da kauri. Bayan haka akwai matatar launi da ake sanyawa gabansa. Hasken da ke fitowa daga madubi na uku yana tsukewa da sauri ƙwarai, gefensa yana shigowa a karkace da sama da digiri ashirin, kuma duk gilashin da aka gitta a gaban irin wannan haske, ko da shimfiɗaɗɗe ne, zai raba launuka ya kuma ɓata saiti. Aikin gilashi na farko da na biyu shi ne su riga su karkatar da hasken ta yadda ɓarnar taga da ta matata za ta soke, hoton kuma ya kwanta sumul a kan fili mai faɗin santimita 64. Dukansu an yi su da narkakken silika, wanda ke barin hasken da ya zarce shuɗi ya wuce, kuma tunda kayan iri ɗaya ne, ana gyara launi ta haɗa gilashi mai tara haske da mai watsa shi. Wannan shi ne dalilin da gilashin Rubin ya iya fin na Yerkes girma: ba a ɗora masa tara hasken ba, gyara kawai aka ba shi.

Matatun launi shida ne, daga hasken da ya zarce shuɗi zuwa wanda ya zarce ja, biyar suna zaune cikin kyamara a lokaci guda, ana kuma sauya su cikin minti biyu. An lanƙwasa kowace domin haske ya same ta ta kusurwa iri ɗaya a tsakiya da gefe, aka bambanta kaurinsu domin saiti ya daidaita ko wace aka sa. Injiniyoyin ɗakin binciken Lawrence Livermore, waɗanda suka jagoranci tsara gilasan, sun kuma lura da abin da lissafin takarda kan manta, wato siffar da ba a iya aunawa ba a iya goge ta, saboda haka suka zaɓi siffofin da za a iya gwada kowane gilashi shi kaɗai kafin a haɗa kyamarar a ɗakin binciken SLAC da ke Kalifoniya, inda aka gama ta a 2024.

Tsukewar hasken da ta gajarta na'urar ita ce kuma ta sa ba ta yafe kuskure. Kowane ɗigo faɗinsa kashi ɗaya ne cikin ɗari na milimita, kuma idan allo ya goce daga saiti da kwatankwacin wannan, hoton tauraro zai bazu da kusan ɗigo guda, alhali nauyi da sauyin zafi suna lanƙwasa madubai fiye da haka a kowane dare. Shi ya sa aka ɗora dunƙulen madubin a kan na'urorin turawa 156, madubi na biyu kuma a kan wasu 72, aka kuma dasa ma'aunai a kusurwoyi huɗu na filin hoton, waɗanda ke duba taurarin da aka gotar da saitinsu da gangan, kwamfuta ta lissafa gyaran da ake buƙata yayin da ake aiki. Iyakar da aka nufa ita ce kada kuskuren madubi da gilashi ya kai na iskar da ke saman dutsen, wadda a matsakaicin dare take baza hoton tauraro a kan faɗin ɗigo uku zuwa huɗu, kuma gogewar da ta wuce wannan mizani kashe kuɗi ne a kan abin da kyamarar ba za ta gani ba.