Lambar Wayarka Ba Jinginar Bashin Wani Ba Ce

A watan Agusta na 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci kamfanin ba da lamuni na Soko tarar naira miliyan 10, saboda yana kwashe lambobin da ke cikin wayar wanda ya karɓi bashi, idan biya ya yi jinkiri sai ya bi 'yan'uwa da abokan arzikinsa da saƙonnin tonon silili. A lokacin ƙa'idar kare bayanai ta 2019 kaɗai ake da ita. Yanzu akwai cikakkiyar doka, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023. Ita ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ta kuma ba ta ikon cin manyan masu riƙe bayanan jama'a tarar da za ta iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Masu kare manhajojin ba da lamuni irin na Soko sukan ce ai da yatsansa mutum ya danna cewa ya amince. To, ya amince a kan wa? Yardarsa a kansa ta tsaya. Surukinsa da limamin unguwarsu da mai gidansa a kasuwa ba su ci bashi ba, ba a kuma tambaye su ba, amma sunayensu da lambobinsu sun koma hannun kamfanin da ba su taɓa jin sunansa ba. Dokar ta shardanta a tattara bayani don wata manufa da aka fayyace, kada kuma a ɗebi fiye da abin da manufar ke buƙata. Tun kafin ita ma, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. Ita kanta yardar mai karɓar bashin abin dubawa ce, domin wanda kuɗin asibiti ya tsaya masa a wuya ba zai tsaya karanta dogon rubutun Turanci ba.

Hujjarsu ta biyu ta fi nauyi: ba su karɓi jingina ba, don haka kunya ce kaɗai makaminsu. Gaskiya ne cin bashi da ƙin biya zalunci ne, kuma mai kuɗi yana da haƙƙin neman kuɗinsa. Sai dai akwai lambar BVN, akwai ofisoshin ajiye tarihin masu bashi da Babban Banki ya ba lasisi, akwai kotu. A 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin lamuni taɓa lambobi da hotunan da ke cikin waya, kuma ba a daina ba da rance ba. Wanda aka turo wa irin wannan saƙo a kan bashin wani, shi ma an keta masa haƙƙi: yana iya neman a goge lambarsa, ya kuma kai ƙorafi gaban NDPC da sunan kansa.